Darasin Wannan Mako: Tsara Saƙonnin Shafukan Sada Zumunta Ga Mai Koyon Aiki

Darasinmu na yau ya shafi wani aiki da yawancinmu za mu tarar yana jiranmu bayan mun gama sakandare, wato kula da shafin wata ma'aikata ko wani shago a Facebook ko Instagram ko WhatsApp. Mutane da yawa na ganin duk mai babbar waya ya iya wannan aiki. Ba haka ba ne. Ɗora hotonka a shafinka daban, magana da yawun wata ma'aikata kullum ba tare da ka kunyata ta ba daban. Abin da ya raba su shi ne tsari. A takarda ake fara tsari, mutum ne kuma yake tsaronsa, waya ɗan aike ce kawai.

Ina aikin yake jiranmu?

Ga Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya nan a Ƙaura Namoda, wadda aka kafa a 1983. Duk wanda ya shiga irin waɗannan makarantu zai haɗu da shirin SIWES, wanda hukumar ITF mai hedikwata a Jos ta ɓullo da shi a 1973, domin ɗalibi ya taɓa aiki da hannunsa kafin ya karɓi takardar shaida. Ɗalibin ƙaramar difiloma kan yi wata huɗu bayan shekarar farko, sannan ya yi shekara guda yana koyon aiki kafin ya koma babbar difiloma. A jami'a kuwa fannoni da dama wata shida suke yi. Shi ne abin da yayyenmu ke kira IT.

To, a yau idan matashi ya je koyon aiki a gidan rediyo, ko asibiti mai zaman kansa, ko makaranta, ko shagon ɗinki, sau da yawa abin da ake fara miƙa masa shi ne shafin wurin. Sai ka ji an ce, "Ku yaran zamani ku kuka san waya, ga shi nan ka riƙa sa mana abubuwa." Wanda bai shirya ba sai ya ɗora saƙo biyar a ranar farko don ɗoki, uku a rana ta biyu, daga nan shafi ya yi shiru mako biyu. Wanda ya shirya kuwa yakan tafi ya bar wurin ana cigiyarsa, wani ma a riƙe shi aiki. Hausawa sun ce tun ran gini, tun ran zane.

Tambayoyi uku kafin a taɓa waya

Ranar farko ba ranar wallafa komai ba ce. Ranar tambaya ce. Ka sami shugaban da aka haɗa ka da shi, ka nemi ya ba ka minti goma, ka rubuta amsoshinsa.

Ta farko: da wa muke magana? Shagon da ke sayar wa manoman Zurmi iri da taki ba zai yi magana irin ta shagon kayan kwalliyar amare ba. Idan yawancin masu sayen kayanku sun fi sauraro a kan karatu, gajeren bidiyo ko saƙon murya da Hausa ya fi dogon rubutu da Turanci. Idan datarsu kaɗan ce, hoto ɗaya mara nauyi ya fi bidiyon minti biyar.

Ta biyu: me muke so su yi? Su zo shago? Su kira lamba? Su kawo yara rigakafi? Su biya kuɗin makaranta kafin wata rana? Saƙon da ba shi da abin da yake nema daga mai karatu, cika shafi ne kawai.

Ta uku: wa zai amince kafin saƙo ya fita? Wannan ita ce tambayar da ke kare ɗan koyo. Shafin ba naka ba ne, amana ce. Farashi, da sanarwa, da duk abin da ya shafi sunan wani mutum, dole wani babba ya gani ya ce to.

Jadawali mai hawa uku

Manomi ba ya farkawa da safe ya ce bari yau in yanke shawarar ko shuka zan yi ko girbi. Ya san lokacin sharar gona, da shuka, da noman farko, da maimai, da yankan gero. Haka mai kula da shafi yake da kalandarsa, kuma hawa uku gare ta.

Hawa na farko, na shekara. Ka ɗauki takarda ka jera watanni goma sha biyu, ka sa ranakun da ba sa motsi: 3 ga Mayu ranar 'yancin 'yan jarida ta duniya, 27 ga Mayu ranar yara, 12 ga Yuni ranar dimokuraɗiyya, 26 ga Agusta ranar Hausa ta duniya, 5 ga Oktoba ranar malamai. Ranar 1 ga Oktoba kuwa biki biyu ne a wurinmu, domin ita ce ranar samun 'yancin Najeriya a 1960, ita ce kuma ranar da aka ƙirƙiro Jihar Zamfara a 1996. Sannan ka sa lokutan da suka shafi wurin aikinka: damina, kaka, hunturu, bazara, komawa makaranta, lokacin jarrabawar WAEC da NECO.

Akwai kuma ranakun da ke motsi. Shekarar Musulunci ta gaza ta Bature da kimanin kwana 11, don haka azumi da salloli biyu da Mauludi kowace shekara suna matsowa baya. Waɗannan da fensir ake rubuta su.

Hawa na biyu, na wata. A nan ake raba saƙonni gida-gida. Gida uku ko huɗu sun isa: mai ilimantarwa, mai tallata kaya ko aiki, mai amsa tambayar jama'a, da na gaisuwa da zumunci. Dalilin rabawar shi ne kada shafi ya zama kamar mai tallan da ba ya gaisawa, kullum "zo ka saya". Mutane na gudun irin wannan shafi kamar yadda suke gudun irin wannan mutum.

Hawa na uku, na mako. Wannan shi ne ainihin abin aiki. Ka ja layuka a littafi, ka yi gidaje bakwai: rana, lokaci, dandali, abin da saƙon zai ce, hoto ko bidiyon da zai raka shi, wanda zai amince, da gidan da za ka sa alama idan ya fita. Wanda yake da kwamfuta zai iya yi a Excel ko Google Sheets, amma littafin rubutu da biro sun wadatar, kuma su cajinsu ba ya ƙarewa.

Misalin mako guda

Mu ɗauka an tura ki koyon aiki wani shagon kayan noma a Ƙaura, a farkon damina. Ga yadda makonki zai iya kasancewa:

Litinin: saƙon ilimantarwa. Yadda manomi zai gwada irinsa kafin shuka, ta hanyar ƙirga ƙwayoyi, ya sa su a jiƙaƙƙen tsumma, ya ga nawa suka tsiro.

Talata: hoton kayan da suka iso, da farashin da mai shago ya tabbatar da bakinsa a ranar.

Laraba: tunatarwa ga masu cin kasuwar Shinkafi ta ranar Alhamis, cewa su kira su ajiye abin da suke so. Saƙon kasuwar Alhamis ranar Laraba yake da amfani. Idan ya fita Alhamis da azahar, an riga an watse.

Alhamis: babu sabon saƙo. Ranar amsa tambayoyi ce.

Juma'a: gaisuwar Juma'a, tare da lokacin rufe shago da buɗewa.

Asabar: gajeren bidiyo, mai shago yana amsa tambayar da aka fi yi a makon.

Lahadi: hutu, sai awa ɗaya na tsara mako mai zuwa.

Ku lura, saƙo biyar ne kawai a mako. Biyar da za ka iya riƙewa wata huɗu sun fi ashirin da za su gajiyar da kai a mako biyu. Sannu ba ta hana zuwa.

Ɗaura wa saƙo lokaci

Bayan an rubuta, an gyara, an amince, sai a zo kan na'ura. Kamfanin Meta, mai Facebook da Instagram da WhatsApp, yana da manhaja kyauta mai suna Meta Business Suite, ana sa ta a waya ko a buɗe ta a kwamfuta. A cikinta za ka rubuta saƙon shafin Facebook ko Instagram, ka sa hoto, maimakon ka danna a wallafa yanzu sai ka zaɓi rana da lokaci. Akwai wasu manhajojin irin su Buffer da Hootsuite masu wannan aiki.

Yadda abin yake aiki shi ne, da zarar ka kammala, saƙon ya bar wayarka ya koma rumbun kwamfutocin kamfanin. Idan lokaci ya yi, su ne za su sake shi. Ko wayarka a kashe take, ko babu sabis a garinku, saƙon zai fita. Wannan babban sauƙi ne gare mu da wuta da sabis ba su da tabbas. Rana ɗaya da ka sami caji da sabis mai ƙarfi, sai ka ɗora na mako gaba ɗaya.

Abu uku za ka kiyaye a nan. Na ɗaya, ka duba agogon manhajar. Najeriya tana gaban agogon GMT da awa ɗaya, idan an saita manhajar a kan agogon wata ƙasa, saƙon safe zai iya fita da tsakar dare. Na biyu, ka bambanta ƙarfe bakwai na safe da bakwai na yamma, domin harafi biyu ne kawai ke raba su a fuskar waya. Na uku, abin da ake ɗorawa a sitatus na WhatsApp bayan awa 24 yake ɓacewa, don haka shi ka sa wa kanka ƙararrawar tunatarwa, ka ɗora a ranar da ake bukatarsa.

Wane lokaci ya fi? Kada ka kwafi lokutan da aka rubuta don mutanen Amurka ko Ingila. Ka dubi rayuwar mutanenka. Manomi da damina yana gona tun bayan asuba. Ɗalibi yana aji har azahar. Da azumi dare ne yake raye. Ka gwada lokuta daban-daban mako biyu ko uku, sannan ka buɗe sashen alƙaluma na shafin ka ga wanne ya fi kai wa ga jama'a.

Na'ura ba ta jin labari

Wannan shi ne sashen da ya fi kowane muhimmanci. Abin da ya sa ɗaura lokaci ya zama alheri, shi ne kuma ya sa ya zama haɗari: saƙon zai fita ko kana nan ko ba ka nan, ko duniya ta canja ko ba ta canja ba.

A watan Janairun 2013, an gano naman doki a cikin wasu kayan abincin da babban kantin Tesco na Ingila ke sayarwa da sunan naman shanu. Ana cikin wannan tashin hankali, sai shafin kantin na Twitter ya saki saƙon sai da safe, cikin raha, da wani karin maganar Turanci na zuwa barci wanda ke ambaton ciyawar da ake ba dawaki. Jama'a suka ɗauka izgili ne. Kantin ya ba da haƙuri, ya ce an tsara saƙon tun kafin a san halin da ake ciki. Kamfani mai dubban ma'aikata ke nan, saƙo ɗaya da ba a sake dubawa ba ya ja masa abin faɗa.

A wurinmu abin ya fi wannan nauyi. Mun san yadda gari kan kwana lafiya ya wayi gari da jana'iza. Ka yi tunanin shafin makaranta ko na shago ya saki saƙon barkwanci ko waƙar talla a safiyar da ake makokin mutanen da aka rasa a wani hari. Ba wanda zai ce na'ura ce. Cewa za a yi ba ku da tausayi. Don haka doka ta farko ita ce: kowace safiya, kafin komai, ka saurari labarai, ka ji abin da gari ke ciki, sannan ka buɗe jerin saƙonnin da ke jiran fita. Idan akwai wanda bai dace da ranar ba, ka dakatar da shi.

Misali na biyu shi ne sallah. Watan azumi kan yi kwana 29 ko 30, kuma a Najeriya fadar Mai Alfarma Sarkin Musulmi a Sakkwato ce ke sanar da ganin wata. Wanda ya ɗaura wa "Barka da Sallah" lokaci tun mako guda kafin nan, yana iya taya mutane murnar sallah alhali suna ɗauke da azumi. Ka shirya hoton da rubutun, ka ajiye, amma kada ka sa masa lokaci sai an yi sanarwa.

Haka nan farashi. Kuɗin buhun taki na ranar Lahadi ba lalle ya kai Laraba ba. Duk saƙon da ke ɗauke da farashi, a tabbatar da shi a ranar fitarsa.

Abin da shekarar 2021 ta koya mana

A farkon Satumban 2021, hukumar sadarwa ta ƙasa, NCC, ta umarci kamfanonin waya su rufe layukansu a duk faɗin Zamfara, bisa buƙatar gwamnatin jiha a zamanin Gwamna Bello Matawalle, saboda matsalar tsaro. An kuma rufe kasuwannin mako. An maido da sabis a Gusau a farkon Oktoba, sauran ƙananan hukumomi suka ƙara makonni a rufe. A wannan shekarar dai, gwamnatin tarayya ta dakatar da Twitter daga watan Yuni har zuwa 13 ga Janairun 2022. Ranar 4 ga Oktoban 2021 kuma, Facebook da WhatsApp da Instagram suka ɗauke a duniya baki ɗaya na kimanin awa shida.

Darasi biyu ke nan. Na farko, kada ka ɗaura saƙonnin wata guda ka tafi. Idan sabis ya ɗauke, ba ka da hanyar tsayar da su, za su yi ta fita suna kiran mutane kasuwar da aka rufe. Mako guda ya isa, kuma a sami wani amintacce na biyu, zai fi kyau a wani gari, wanda shi ma yake da ikon shiga shafin. Na biyu, kada wurin aikinku ya dogara da dandali ɗaya. Rediyo, da allon sanarwa, da sanarwa a masallaci da majalisa, da littafin lambobin abokan ciniki, duk su ma a sa su cikin jadawali.

Amana da tsaro

Kada ka ɗora hoton mutum ba da izininsa ba. Dokar kare bayanan jama'a ta Najeriya ta 2023 ta tanadi cewa inda ake buƙatar izini a kan bayanan yaro, iyaye ko waliyyi ne ke bayarwa. Idan a asibiti kake koyon aiki, fuskar majinyaci da katinsa ba kayan shafi ba ne.

Kada ka yaɗa labarin da ba ka tabbatar ba, musamman na tsaro. Akwai dokar laifukan intanet ta 2015, wadda aka yi wa gyara a 2024, amma tun kafin doka akwai haƙƙin mutanen da jita-jita za ta firgita. Magana zarar bunu ce.

Kuma ka tuna ba masoya kaɗai ke karanta shafi ba. Kada ka rubuta ranar da motar kaya za ta taso da hanyar da za ta bi, ko ranar da mai gida zai yi tafiya, ko lokacin da ɗalibai za su fita ziyara. Irin wannan labari bayan an je an dawo lafiya ake ba da shi.

Ranar da ka gama koyon aiki, ka miƙa kalmar sirri, ka nemi a cire sunanka daga masu kula da shafin, ka bar jadawalin ga wanda zai gaje ka.

Auna aikinka

Ɗalibin SIWES yana da littafin da yake rubuta aikin kowace rana, mai kula da shi ya sa hannu. Kada ka riƙa rubuta "na sa hoto a Facebook" kawai. Ka rubuta abin da ka tsara, da abin da ya fita, da mutum nawa ya kai wa, da tambaya nawa aka yi, da mutum nawa suka zo suka ce a shafi suka gani. Wannan na ƙarshen ya fi yawan masu danna alamar so daraja, domin shi ne abin da mai shago ke ji a aljihunsa. A ƙarshen wata huɗu, wannan littafi shi ne shaidarka a gaban duk mai ɗaukar aiki.

Aikin gwaji

Ba sai mun jira waya ba. Wannan allo da kuke karantawa shi ma shafi ne: yana da masu karatu, da ranar fita, da malamin da ke amincewa kafin a liƙa. Ga aikin da kulob ya ba kowane aji:

1. Ku zaɓi wuri ɗaya, ko makarantarmu, ko asibitin unguwa, ko shagon ɗinki. Ku amsa tambayoyi ukun nan a kansa.

2. Ku zana jadawalin mako guda mai gidaje bakwai, da saƙo biyar.

3. Ku rubuta ɗaya daga cikin saƙonnin, kada ya wuce kalma arba'in.

4. Ku ja layi ƙarƙashin duk saƙon da bai kamata a ɗaura masa lokaci ba, ku faɗi dalili.

A kawo wa sakataren kulob kafin ranar Alhamis. Jadawali uku da suka fi kyau za mu liƙa su a nan mako mai zuwa, da sunan ajin da ya yi su. Allah ya ba mu ilimi mai amfani, ya zaunar da ƙasarmu lafiya.